Baƙin Itatuwa da Asalin Irinsu: Tarihin Darbejiya da Fayin daga Accra zuwa Samaru

Gabatarwa

A harshen Hausa kalmar “iri” tana ɗauke da ma’ana biyu. Iri shi ne ƙwayar da manomi ke adanawa domin shuka idan damina ta faɗi. Iri kuma shi ne jinsi da tsatso, kamar yadda ake cewa wane irin kirki ne. Ma’anonin nan biyu sun haɗu a aikin gandun daji, domin duk ƙwayar da aka binne tana tafe da halin iyayenta: saurin girma ko nawa, miƙewa ko karkata, jure fari ko saurin bushewa. Masana kimiyya suna kiran abin da ke ɗauke da waɗannan halaye ƙwayoyin gado. Idan itatuwan daji ɗaya suka fito daga iyaye masu yawa, ƙwayoyin gadonsu sukan bambanta, cutar da ta kayar da wannan ta bar wancan. Idan kuwa iyayensu ’yan kaɗan ne, to komai faɗin dajin tamkar gida ɗaya ne, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa saura.

Wannan maƙala ta bi tarihin yadda aka gane haka a Afirka ta Yamma. Ta fara da darbejiya, wadda ta shigo ta Gana ta bazu har ƙasar Hausa. Daga nan ta juya ga fayin, wato itacen nan mai ganye kamar allura, wanda aka gwada a Samaru da Afaka da tudun Jos, kuma a kansa ne masana suka fi koyon yadda ake kyautata iri ba tare da an ƙuntata shi ba.

Adabraka da Zamanin Dashe

Hausawa sun daɗe suna zirga-zirga zuwa ƙasar da a yau ake kira Gana. Fataucin goro ya kai su Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa daga cikinsu suka watsu zuwa Kumasi da garuruwan bakin teku. A Accra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara, baƙi Musulmi sun kafa zanguna. Bayan annobar da ta auka wa birnin a 1908, gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe sababbin unguwanni a wajen tsohon gari, Adabraka tana cikinsu. Ana danganta sunan unguwar da kalmar “albarka”. Sabon Zango ya kafu a ƙarƙashin Malam Baƙo, daga bisani kuma Nima ta kafu a farkon shekarun 1930 a ƙarƙashin Malam Amadu Futa, Maamobi ta girma a gefenta.

A daidai wannan zamani ne Turawa suka soma tsara aikin daji a ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. An buɗe lambun gwajin tsirrai na Aburi a 1890, aka kafa ma’aikatar gandun daji a 1909, aka yi dokar daji a 1927. A 1930 aka keɓe dajin Achimota a arewacin Accra, musamman domin samar da itacen girki ga makarantar da ke wurin. Matsalar birnin ita ce ya zauna a fili mai ƙarancin ruwan sama idan aka gwada da sauran kudancin ƙasar, ciyawa da ƙananan sarƙaƙƙiya sun fi manyan itatuwa yawa. Jama’a na ƙaruwa, kowane gida na bukatar icce da gawayi da inuwa. Saboda haka aka shiga neman itacen da zai jure wannan wuri, ko da daga nesa za a kawo shi.

Darbejiya: Daga Indiya zuwa Barno

Itacen da ya amsa wannan bukata shi ne wanda Hausawa ke kira darbejiya ko dogonyaro, wasu su ce maina, a Nijar kuma a ce bedi. Asalinsa Indiya ne da Bama. Ana danganta shigowarsa Gwalkwas da Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, shi ne kuma ya gina asibitin Korle Bu da makarantar Achimota. Har yau mutanen Ga, ’yan asalin Accra, suna kiransa da sunan da ke nufin itacen sarki.

Darbejiya ta sami wurin zama. Ba ta damu da ƙasa mai tsakuwa ba, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya da rani, idan aka sare ta kuma sai ta sake tofowa. Tsuntsaye da jemagu suna shan ’ya’yanta su yar da ƙwallon a nesa. Dubban jemagun nan da ke kwana a itatuwan Asibitin Soja na 37, kusa da Nima da Maamobi, suna cikin irin waɗanda ke yaɗa ta. Da haka ta mamaye filayen Accra har ta koma kamar ciyawa, ta zama madogarar masu gawayi.

A 1928 aka kai irinta lardin Barno daga Gwalkwas, ta yi kyau ƙwarai. A shekarun 1930 aka dasa ta a Sakkwato domin itacen wuta da azara, daga nan ta bazu zuwa Katsina da Kano da Maraɗi da Damagaram. Cikin shekara hamsin ta zama inuwar kasuwa da makaranta da ƙofar fada, har yaro ya taso yana zaton ita da kuka da tsamiya tare aka halicce su a ƙasar Hausa. A kwarin Majiya, cikin yankin Buza na jihar Tawa, ma’aikatan daji na Nijar da ƙungiyar CARE sun soma dasa ta layi bibbiyu a 1975 domin tare iska. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita, gero kuma ya ƙara yi a gonakin da ke tsakaninsu.

Sai dai akwai abin da ba a lura da shi ba. Ƙwallon darbejiya ba ya jimawa da rai. Idan aka ajiye shi yadda aka saba, cikin ’yan makonni yake daina tsirowa. A zamanin jirgin ruwa, abin da zai iso daga Indiya da ransa ba shi da yawa. Waɗanda suka tsiro su ne suka haifi na Accra, daga na Gwalkwas aka ɗebi na Barno, daga nan kuma aka yi ta ɗiba ana kaiwa gaba. Kowace ɗiba tana ɗaukar wani yanki ne kawai na abin da ke wurin, kamar mai auna hatsi daga mudun da aka riga aka auna. Miliyoyin itatuwa suka tashi, amma tsatsonsu siriri ne.

A shekarun 1980 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai ɓawo, wanda ke liƙe wa ganye da reshe yana tsotse ruwansu, ya auka wa darbejiya a kewayen Tafkin Cadi. A 1990 kuma aka ba da rahoton wata lalura a Nijar, wadda aka gani har a arewacin Nijeriya: tsofaffin ganye su yi rawaya su zube, reshe ya tsaya tsirara sai ɗan tuntu a ƙarshensa, har masu bincike suka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. An nemi ƙwayar cuta ba a tabbatar da ko ɗaya ba. Yawancin masana sun jingina abin ga wahalar fari da taurin ƙasa, suka kuma yi nuni da cewa ƙuncin tsatso ya sa itatuwan suna amsa wahala iri ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan tsoro na cikin dalilan da suka sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa ƙasashe a farkon shekarun 1990 domin tattara irin darbejiya daga wurare 25 a ƙasashe 11, har da Sunyani ta Gana, aka dasa su gefe da gefe a Asiya da Afirka domin a ga bambancinsu. Aikin da ya kamata a yi kafin dashe, sai bayan shekara saba’in aka yi shi.

Darasin Koko

Gana ta riga ta ɗanɗana irin wannan a wani itacen. A 1879 Tetteh Quarshie ya shuka koko a Mampong ta Akuapem da irin da ya kawo daga tsibirin Fernando Po. Kafin 1911 Gwalkwas ta zarce kowace ƙasa fitar da koko, kuma kusan dukkan gonakin nau’i ɗaya ne, itatuwan sun yi kama da juna ƙwarai. A 1936 aka gano cutar kumburin reshe a gabashin ƙasar. Ta bi gonaki ba ta sami mai tare ta ba. Gwamnati ta kafa tashar bincike a Tafo a 1938, ta kuma tilasta sare itatuwan da suka kamu, abin da ya fusata manoma ya shiga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka kai ga tarzomar 1948. Wani ɓangare na mafita ya zo ne a 1944, lokacin da masanin nan A. F. Posnette ya kawo sabon iri daga Trinidad, wanda asalinsa dazuzzukan saman kogin Amazon ne. Daga auren wannan da na gida aka sami nau’o’in da manoma ke shukawa daga baya. Maganin ƙuncin tsatso ya kasance komawa inda itacen ya fito.

Yadda Ilimin Asalin Iri Ya Faro

Wannan fahimta ta girmi koko da darbejiya, kuma a kan itatuwa masu ganyen allura aka fara samun ta. Su ne fayin da danginsa, waɗanda ba sa yin fure irin na mangwaro, sai dai su ɗauki irinsu a cikin wani ƙundu mai ɓawo-ɓawo, iska kuma ita ke kai ƙurar namiji ga mace. A Turai su ne katakon gini da na jiragen ruwa. Masu ƙera jiragen Faransa sun daɗe suna sayen dogayen sanduna daga Riga, a gaɓar tekun Baltik, domin fayin ɗin can ya fi nasu miƙewa. Tambayar ita ce: ƙasa ce ta sa haka ko iri?

A shekarun 1820 wani Bafaranshe mai suna Philippe André de Vilmorin ya tara irin fayin na jinsi ɗaya daga sassa daban-daban na Turai ya shuka a gonarsa ta Les Barres, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Da suka girma sai na Riga suka fito a miƙe kamar iyayensu, wasu kuwa suka fito a karkace kamar nasu iyayen. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga nan aka gane cewa sanin sunan itace bai isa ba, sai an san garin da irinsa ya fito. Ƙungiyar cibiyoyin binciken daji ta duniya ta shirya irin wannan gwaji tsakanin ƙasashe a 1907, ta sake wani mafi girma a 1938.

A shekarun 1930 aka ƙara mataki. Syrach Larsen a Denmark da wasu masana a Suwidin suka tsara hanyar da har yau ake bi. Da farko a shiga daji a zaɓi itatuwan da suka fi tsawo da miƙewa da lafiya. Sai a yanko rassansu a yi musu aure da ƙananan dashe, kamar yadda mai lambu ke yi wa mangwaro, a tara su a gona ɗaya nesa da sauran daji domin su yi barbara a tsakaninsu. Wannan ita ce gonar iri. Sannan a shuka ’ya’yan kowace uwa daban a auna su shekara da shekaru, uwar da ’ya’yanta suka gaza a tumɓuke ta.

A nan ne tarkon yake. Duk lokacin da aka rage yawan iyaye, amfani na ƙaruwa, domin zaƙaƙurai kaɗai suka rage, amma tsatso yana ƙuntata. Masana sun yi lissafin abin: idan iyaye 10 ne suka haifi daji, bambancin ƙwayoyin gado yana raguwa da kimanin kashi 5 cikin 100 a zuriya ɗaya, idan 50 ne, kashi 1 cikin 100. Adadin kamar ƙarami ne, amma yana taruwa zuriya bayan zuriya, kuma halayen da ba su da yawa a cikin jama’ar itace su ne ke fara ɓacewa. Sau da yawa a cikin irin waɗannan ne ake samun jure cutar da ba ta zo ba tukuna. Bugu da ƙari, fayin ba ya son auren zumunci na kusa. Idan ’yan uwa suka yi barbara, ƙwaya da yawa takan fito holoƙo, waɗanda suka tsiro kuma su taso a tsumbure. Shi ya sa ƙa’idar masu tara iri ta zama a ɗiba daga uwaye aƙalla 25, kowace da tazarar kamar mita 100 daga ’yar uwarta, domin maƙwabtan itatuwa yawanci dangi ne.

Fayin a Samaru da Afaka da Tudun Jos

Babu fayin ɗan asali ko ɗaya a Afirka kudu da Sahara. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen yankin suka bukace shi, saboda dalilai biyu. Katakonsa mai sauƙi ne kuma miƙaƙƙe, sannan zarensa dogo ne, irin wanda takarda mai ƙwari ke bukata. Nijeriya ta buɗe masana’antar takarda a Jebba a 1969, daga baya ta gina wasu a Oku Iboku da Iwopin, kuma dogon zaren da suke amfani da shi daga waje ake sayo shi.

Gwaje-gwajen farko sun ci tura. Iri yakan tsiro, dashe ya yi ’yan watanni, sai ya yi rawaya ya tsaya cik. An jima kafin a gane cewa saiwar fayin tana rayuwa ne tare da wani nau’in naman gwari da ke taimaka mata tsotso abinci daga ƙasa, kuma babu shi a ƙasar da fayin bai taɓa zama ba. Da aka ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffin fayin aka barbaɗa a wurin rainon dashe, sai tsiron ya murmure. Baƙo ya zo, amma sai da aka kawo masa abokin zamansa.

A 1964 aka kafa Tashar Binciken Dazuzzukan Sabana a Samaru ta Zariya, da haɗin gwiwar gwamnatin Nijeriya da Hukumar Abinci da Aikin Gona. Ma’aikatanta, irin su R. H. Kemp da J. K. Jackson da D. E. Iyamabo da G. O. A. Ojo, sun shimfiɗa filayen gwaji a Afaka kusa da Kaduna, da Miango a tudun Jos, da Nimbiya a gindin tudun, da wasu wurare. Darasin asalin iri ya fara fitowa fili a kan itacen turare. Jinsinsa ɗaya da aka kawo daga Ostireliya ya nuna fuska biyu: wanda aka ɗebo daga Petford da Katherine, a arewacin ƙasar inda ake damina da rani kamar na ƙasar Hausa, ya yi wa na kudancinta fintinkau, domin can ruwa da sanyi yake sauka. Suna ɗaya, gari daban, sakamako daban.

A ɓangaren fayin, jinsi biyu suka yi fice, dukkansu daga Amurka ta Tsakiya: Pinus caribaea da Pinus oocarpa. Na farkon yana da reshe uku, na Kyuba da na tsibiran Bahamas da na babban yankin daga Belize zuwa Nikaragwa, kuma wannan na ukun ne ya fi saurin girma. Matsalar ita ce irin da ake sayarwa a kasuwa a lokacin yawancinsa daga wuri ɗaya yake fitowa, wato tudun Mountain Pine Ridge na Belize, ba a kuma san uwaye nawa aka girba ba. Hanyar darbejiya aka kama bi.

Abin da ya sauya tafiyar shi ne aikin Cibiyar Gandun Daji ta Ƙasashen Renon Ingila da ke Oxford. Tun daga 1963 ta soma tura masu tara iri zuwa Amurka ta Tsakiya, kuma Kemp, bayan ya bar Nijeriya, yana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Sun bi dazuzzukan Gwatamala da Honduras da Nikaragwa da Belize, daga bakin teku zuwa kan duwatsu, suna ɗiba daga uwaye masu yawa a kowane wuri, suna rubuta tsayin wurin da ruwansa da ƙasarsa. A farkon shekarun 1970 aka rarraba irin ga gomman ƙasashe, Nijeriya na cikinsu, kowa ya shuka bisa tsari ɗaya. Sakamakon ya zo da abin mamaki. Waɗanda suka fi girma a cikin Pinus oocarpa, irin na Yucul da Camelias da San Rafael a Nikaragwa, da aka sake duba su sai aka ga ashe wani itace ne daban, wanda yanzu ake kira Pinus tecunumanii. Da an tsaya ga irin kasuwa, da ba a san da shi ba. A 1976 masana daga sassan Afirka suka taru a Kaduna domin nazarin dashen daji a yankin sabana, kuma zaɓen jinsi da asalin iri na cikin manyan batutuwan taron.

Gwaje-gwajen sun kuma nuna iyakar fayin. Yana son ruwa mai yawa da ƙasa mai zurfi, saboda haka ya fi yi a tudun Jos da Mambila da kudancin Kaduna. Kano da Katsina da Sakkwato sun yi masa fari. Wutar daji na cinye ƙananan dashe. A wurare masu zafi da laima kuma ba ya ba da iri sosai, abin da ke jawo a riƙa girbar ’yan itatuwan da suka yi ’ya’ya, tsatso ya sake ƙuntata ta bayan gida. Masana’antun takardar Nijeriya sun durƙushe a shekarun 1990, babban dajin fayin da aka yi mafarki bai tabbata ba. A Gana ma fayin bai wuce ƙananan gonaki ba. Itacen tik da sedirela su ne suka mamaye dashen gwamnati.

Abin da Ya Faru a Wasu Wurare

Ƙasashen da suka dogara ga itace ɗaya mai ganyen allura sun ga abin da ke biyo baya. A Gabashin Afirka an dasa Pinus radiata da yawa, sai wata cutar ganye ta ɓulla a ƙarshen shekarun 1950, ta tilasta wa Kenya daina dasa shi a shekarun 1960. Aka ƙara dogara ga wani itacen na Meziko mai suna Cupressus lusitanica. A 1986 wani ƙwaro mai tsotsar reshe ya bayyana a Malawi, ya isa Kenya a 1990, ya busar da gonaki da shingayen gidaje. Duk da haka, a cikin gonakin da suka ƙone an sami ɗaiɗaikun itatuwa tsaye da ɗanyen ganye. Daga irin waɗannan ne masu kyautata iri ke farawa, kuma ba a samun su sai inda bambanci ya saura.

Gidan asali ma ba shi da tabbas. Dazuzzukan fayin na Amurka ta Tsakiya suna raguwa saboda noma da kiwo da wuta, abin da ya sa aka kafa shirin CAMCORE a Jami’ar Jihar North Carolina a 1980 domin tara irinsu a dasa a wasu ƙasashe. A 2000 da 2001 wani ƙwaro mai huda ɓawo ya halaka kaso mai yawa na dajin Mountain Pine Ridge kansa. Wannan ya ba tsofaffin filayen gwaji wata daraja da ba a yi zato ba. Fili kamar na Afaka ko Miango, inda aka jera zuriyar dazuzzuka da dama da sunayensu, rumbu ne na iri. Idan aka sare shi domin gawayi ko fegin gida, ko aka bar takardun da ke nuna wane layi ne na wane gari suka ɓace, an yi asarar abin da kuɗi ba sa maidowa cikin sauƙi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna hanyoyi biyu. Darbejiya ta shigo da ɗan iri kaɗan, ta yi nasara da wuri, sai bayan ta zama inuwar miliyoyin mutane aka tuna ba a san zurfin tsatsonta ba. Fayin kuwa an tara masa iri da lissafi, an gwada, an rubuta, amma masana’antar da aka yi dominta ba ta daɗe ba. Na farko ya sami jama’a ya rasa bincike, na biyu ya sami bincike ya rasa jama’a. Abin da ake bukata shi ne a haɗa biyun.

Maganar ba ta tsufa ba. A ranar 11 ga Yuni, 2021, Gana ta ƙaddamar da ranar dashen itatuwa ta ƙasa da burin dasa miliyan 5, a shekarar da ta biyo baya aka ɗaga burin zuwa miliyan 20. Nijeriya da Nijar suna cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka. Unguwanni irin su Nima da Maamobi, inda gidaje suka cushe inuwa ta yi ƙaranci, suna cikin masu bukatar dashe fiye da kowa. A irin waɗannan shirye-shirye adadin dashe ake sanarwa, ba a cika tambayar uwaye nawa suka haife su ba. Mai rainon dashe a bakin titi yakan tsinci iri a gindin itace ɗaya da ke kusa da shi, domin shi ne mafi sauƙi, ya cika leda dubu da ’ya’yan uwa ɗaya. Cibiyar Binciken Daji ta Gana da ke Fumesua kusa da Kumasi, da takwararta ta Nijeriya da ke Ibadan, an kafa su ne domin amsa irin wannan tambaya, amma ƙa’idar ba ta fi ƙarfin kowa ba: a ɗiba daga uwaye masu yawa, masu nisa da juna, masu lafiya, daga wurin da ruwansa da ƙasarsa suka yi kama da inda za a dasa, a kuma rubuta inda aka ɗebo.

A zango, idan baƙo ya sauka, mai unguwa yakan tambaye shi sunansa da garinsu da mutanensa kafin a ba shi masauki. Itacen da za a dasa zai fi baƙon daɗewa a unguwar, kuma kuskuren da aka yi ranar tsintar irinsa ba ya bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin, lokacin da wanda ya tsinta ya tsufa ko ya rasu. Saboda haka shi ma ya cancanci a yi masa wannan tambaya tun yana ƙwaya.